Yadda Ƙaramin Sito Ya Koma Ɗakin Awaki

Da sunan Allah nake ci gaba, shi ne ya ara mini kwanakin da na kawo wannan babi. Sadiya, Nura, da kai Aminu sarkin gardama, wannan naku ne musamman, don na san abin da kuka taso kuna ji a garin nan. Kun ji an ce ubanku ya je birni ya koyo aikin intanet rabi da rabi, ya dawo ya jagwalgwala na'ura da hannunsa har kamfani ya daina ɗaukar kaya a sitonsa. Kai Aminu har dambe ka yi a kan maganar nan, ka dawo gida da leɓe a kumbure, ni kuma na ɗora maka nawa faɗan a kai. Ban taɓa musanta zancen ba, kuma kun san halina, ni ba mutum ne mai barin magana ta kwana a cikinsa ba. To, yau zan faɗa. Inna ta riga mu gidan gaskiya, uwarku kuma ta yarda in rubuta, da sharaɗin kada in ƙara gishiri a wurin da ya shafe ta. Zan ƙoƙarta, amma ban yi mata alkawari ba.

Ku da kuke kwance a ɗaki kuna latsa waya yanzu, kun manta yadda garin nan yake kafin a kafa eriyar bakin kasuwa. A cikin kwari muke, gonaki sun kewaye mu ta kowane gefe, gidan wannan na kallon gonar wancan, amma sabis ko ɗigo. Mai son kira sai ya hau babur ya fita titin Makoda, ya tsaya gindin wata tsamiya yana ɗaga waya sama. A lokacin na ajiye koyarwa, ina ɗan gyaran rediyo a zaure don kada hannu ya mutu. Ƙungiyarmu ta manoman gyaɗa ta gina babban sito jingine da katangar gidanmu, da ɗan ofis a gefe, ni kuma na gina ƙaramin sito nawa na kaina a bayansa. Bulo ɗaya ɗaya na tara shi, na yi masa daɓe mai kyau, na sa ƙofar ƙarfe. In na wuce ta gabansa har tafiyata canzawa take yi. Da ƙungiya ta samu wani kamfanin matsar mai da zai riƙa ɗaukar gyaɗarmu daga nan ba sai mun kai kasuwar Dawanau ba, aka ce sai an jawo intanet. Aka kafa dogon ƙarfe da faranti a samansa, aka sa sola, aka kawo akwatin da ake kira rauta, wato na'urar da ke karɓo intanet ta rarraba. Aka duba garin kaf, ba wanda ya taɓa buɗe cikin na'ura sai ni, sai aka tura ni Kano na yi 'yan makonni ina koyo. Na dawo da littafi cike da rubutu da kai mai girman tulu.

Kafin in ci gaba sai na gaya muku wani abu game da kakarku, don in ba ku san shi ba sauran labarin ba zai shiga ba. Ni ne autan Inna. Sunana kuwa a bakinta yake wuni: Auta zo, Auta tafi, Auta wa ya taɓa ka. Ina da furfura a gemu tana ajiye mini ƙanzo. Amma ɗanta na fari, Yaya Sale, tunda nake ban taɓa jin sunansa ya fito daga bakinta ba. Kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, ita Inna ba ta sassauta ko kaɗan ba. Ba ta kiransa, ba ta tambayar lafiyarsa, in ya shigo gaishe ta sai ta juya gefe ta amsa wa bango. In dole ta yi zancensa sai ta ce “wancan.” Akwai wani maƙwabcinmu mai suna irin nasa, har ya mutu “Takwara” take ce masa. Yaya Sale ya tafi Kumasi fataucin goro tun ina ƙarami, ya yi aure can, ya zauna. Da yana zuwa duk bayan shekara biyu ko uku, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, tafiya ta gagara. Ita ma Inna ƙafa ta ƙi, daga ɗaki sai bakin ƙofa. Ni a wautata na ɗauka tunda ba ta tambaya, abin bai dame ta ba. Kun ji malamin makaranta.

Da intanet ya fara aiki na tara mutanen gida na kafa doka. Na ce wannan layi na ƙungiya ne, amana ce a hannuna, ba na kallon fim ba ne, duk wanda na kama ya hau zai gamu da ni. Kalmar sirrin na rubuta a 'yar takarda na cusa cikin naɗin hulata, ina ganin na kai ƙarshen dabara. Ban tuna wacce take wanke mini huluna ba.

Muna cikin haka har kaka ta gabato. Sai kamfani ya turo injiniyarsu, wata yarinya mai natsuwa, Hauwa, da takarda a hannunta. Ta ce ba za su ɗauki kaya daga wurin da ba sa gani da idonsu daga birni ba. Suna so su riƙa leƙa na'urori biyar kai tsaye, dare da rana: sikeli, na'urar auna danshin gyaɗa, kwamfutar ofis wadda tasu ce kuma a kulle take, kyamarar babban sito, da kyamarar ƙaramin sitona, tunda ni ma na shiga tsarin. Kuma kowace na'ura sai ta samu adireshinta na waje, nata na kanta.

A nan sai na yi muku ɗan karatu, ku yi haƙuri, tsohon malami ba ya warkewa. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da adireshi, lamba ce da ake samunta da ita. Akwai na waje wanda duniya ta sani, akwai na cikin gida wanda ba ya aiki sai a cikin gida. Yadda aka saba, rauta ce kaɗai ke da na waje, sauran duk na cikin gida take ba su. Akwai wani aiki da take yi da ake kira NAT. Kamar maigida ne a zaure: duk saƙon da zai fita da sunansa yake fita, amsa ta dawo hannunsa, shi ya san ɗakin da zai miƙa wa. Na waje ba shi da hanyar kiran na ciki kai tsaye. To kamfani ba sa son bi ta hannun maigida. Masu ba mu layi sun ba mu adireshin waje guda takwas, amma na farko da na ƙarshe ba a amfani da su, ɗaya kuma rauta ta riƙe, saura biyar cif. Ita kuwa rautar tamu ba ta san raba ƙafa ba, maɓalli ɗaya ne: ko NAT na kunne ga kowa, ko yana kashe ga kowa.

“Baba, kafin ka kashe,” in ji Hauwa, “ka tabbata babu wani abu da ke hawa layin nan bayan biyar ɗin nan? Duk abin da ba shi da adireshin waje zai mutu fa. Zai nuna ya kama, amma ba abin da zai fita.”

“Injiniya,” na ce, “ni na kafa doka a gidan nan. Ko ƙuda bai isa ya hau layin nan ban sani ba.”

Ta yi murmushi ta ce to. Gaskiya na taɓa ganin wata waya a jerin abubuwan da ke hawa, kullum bayan la'asar, na ɗauka ta sakataren ƙungiya ce, na ce zan ja masa kunne, na manta.

Ranar wata Talata da hantsi na yi aikin. Na bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya na ba kowace adireshinta, na nuna mata rauta a matsayin ƙofar fita. Na gyara katangar tsaro yadda ba mai iya shigowa sai adireshin kamfani, don in ka cire maigida daga zaure ba ka sa ƙyaure ba, kowane ɗan iska na duniya zai leƙo maka sito. Sannan na yi bisimilla na cire alamar da ke gaban NAT, na adana, rauta ta mutu ta tashi. Minti biyu da na yi ina jira, gumi har cikin takalmi. Sai ga saƙo daga ofishinsu a allon kwamfuta, sun ga sikeli, sun ga danshi, sun ga sito biyu, har sun ce a gaya wa mai jar hula ya daina jingina da buhuna. Shugaban ƙungiya ne mai jar hular. Aka yi ta dariya, aka yi ta “sai Malam, sai Malam.” Ranar da ƙyar ƙofar gida ta ishe ni shiga.

Kwana biyu bayan nan Inna ta fara mayar da kwano. Ta ɗan taɓa tuwo ta ture. Kwana na uku ko kokon safe ba ta sha ba. Na tambaye ta ina ke ciwo, ta ce ba ko'ina. Na kawo malamin asibiti ya auna ta, ya ce bai ga komai ba sai rashin ci. Na sayo tsire, na sayo fura mai kyau, na zauna gabanta ina lallashi yadda take yi mini ina yaro, ta dube ni kawai ta ce, “Auta, je ka yi aikinka.” Abin da ya fi tayar mini da hankali, ta daina tsokanata. Matar da ba ta iya ganina ba ta ce gemuna ya yi kama da na bunsuru ba, sai ga ta zaune bakin ƙofa da carbi, ido a kan ƙofar gida, duk wanda ya yi sallama sai ta zabura. Ni kuwa da tsoro ya kama ni faɗa nake yi. Na sauke shi a kan uwarku. Na ce miyarta ce ta canza, na ce ta bar tsohuwa da yunwa tana can tana hira, na faɗi maganganun da har yau in na tuna sai na ji kunya. Uwar taku, Binta, ta kwashe kwanuka ta koma madafa. Na lura dai idonta ya faɗa, ita ma ba ta cin kirki.

Rana ta shida bayan azahar ina ofis, sai na ji sallamarta a bakin ƙofa. Tunda aka gina wurin ba ta taɓa takowa ba. Ta shigo da lulluɓi, hulata a hannunta, ta ajiye a kan tebur, ta zaro 'yar takardar daga cikin naɗin ta ɗora a gefe.

“Malam, in za ka yi faɗa ka yi, amma ka bari in gama tukuna.”

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu. Wallahi sai na rufe.

“Wata biyar ke nan kullum bayan la'asar ina kiran Yaya na Kumasi da layinku. A bakin ƙofar Inna nake zama da faifan gyaɗa, in sa wayar a sifika in ɗora a kan turmi. Na ce mata nan ne kaɗai yake kamawa a gidan. Ni nake gaishe shi, shi kuma ni yake ba labari, abin da ya ci, yadda ƙafar ta kwana. Ita tana juya mana baya tana tsintar wake. Ba ta taɓa cewa komai ba. Amma tun kafin a kira la'asar take sa a fitar mata da tabarma.”

Na ce, “Ke? Ke da ko ido ba kya haɗawa da Yaya?”

“To wa zai yi? Kai ka taɓa lura?”

Wannan tambaya ta shige ni. Ta ci gaba. Ta ce tun ranar Talata kiran ya daina shiga. Waya na nuna ta kama layi, amma shiru. Rana ta farko ta ce wa Inna cajin ne, ta biyu ta rasa abin faɗa. Ita kanta ta ɗauka wayar can ce aka kashe, kuma mara lafiya in an kashe wayarsa kwana da kwanaki, kowa ya san abin da ake tunani.

“Inna gani take ya rasu muna ɓoye mata. Ba za ta tambaya ba, Malam, ko za ta mutu a zaune. Ni ma tsoro ya hana ni zuwa gare ka, ga dokarka, ga kuma sirrinta da zan tona.”

Ban yi faɗa ba. Ku rubuta wannan ku ajiye, don bai cika faruwa ba. Na zauna ina kallon rautar nan da fitilunta biyar suna ƙyaftawa lafiya lau, na gane da hannuna na yi, ranar da ake ce mini sai Malam. Na ɗauki babur na fita titi gindin tsamiya na kira Kumasi. Matarsa ta ɗauka, ta kai masa. Yana raye. Da ƙyar maganarsa ke fita, amma abin da ya fara cewa shi ne, “Auta, tsohuwa ce ko? Kada ka ɓoye mini.” Ashe shi ma kwana shida ke nan yana kwance da irin wannan tunani. Na rantse masa tana nan. Na sa ya yi magana na naɗa a waya, na dawo gida da gudu har na kusa kaɗe tunkiyar mutane.

Na samu Inna a bakin ƙofa. Ban iya ce mata ɗanki na gaishe ki ba, ba a yi mata haka. Sai na juya wajen uwarku na ce da ƙarfi, “Binta, na yi waya da mutanen Kumasi, duk suna lafiya, ji ma,” na kunna. Muryar Yaya ta fito. Inna ta saurara har ƙarshe, carbinta ya tsaya. Sannan ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba:

“Mai waƙar nan da Auta yake sa mana a kaset, shekara nawa da rasuwarsa? Har yau yana waƙa.”

Ta ja carbinta ta ci gaba. Tuwon ranar ma haka aka fitar da shi.

Na koma ofis na rufe ƙofa na bi hanyoyin da nake da su. In ɗora ta a babur zuwa titi, ba za ta kai ba, kuma ko za ta kai, da wane baki zan ce mata taso mu je ki ji muryar ɗanki? In riƙa mayar da NAT na awa ɗaya kullum, na'urori biyar za su ɓace wa kamfani lokaci guda, kuma a takardarsu an rubuta in layi ya riƙa yankewa za su bar garin gaba ɗaya, gyaɗar gida sama da arba'in ke nan. Kwamfutar ofis tasu ce, ba na iya taɓa cikinta. Akwai wata 'yar tsohuwar rauta a akwatin gyarana, in na ba ta adireshin waje guda ɗaya za ta yi nata NAT ɗin ta ɗauki wayoyin gida duka. Amma adireshi biyar ne, kuma duk da masu su. Na rubuta wa masu layi ina neman ƙari, suka ce sai an cike takarda an jira, kusan wata biyu. Na kira Hauwa ta kwamfuta.

“Injiniya, in na ɓoye kyamara ɗaya a bayan wata rauta, na buɗe muku hanya ta musamman zuwa gare ta fa?”

“Baba, ni na san zai yi aiki, amma ba su yarda da shi ba. Sito ba kyamara mai adireshinta, cire shi suke yi, su ba wani gari gurbin. In an bayar kuma ba ya dawowa. Lafiya dai?”

“Lafiya lau. Wanne ne in an cire ba zai taɓa kowa ba sai mutum ɗaya?”

Ta ce, “Ka san shi, Baba.”

Na san shi mana. Kada ku ɗauka na tashi da fara'a kamar wani waliyyi. Na yi ta zagaye ofis ina masifa ni kaɗai, na zagi rauta, na zagi wanda ya ƙera ta da maɓalli ɗaya, na zagi hulata. Sitona na gani a idona, buhunan da na jera har rufi, da wahalar Dawanau da na ɗauka na rabu da ita har abada. Sai na ji ladan yana gyaran murya zai kira la'asar, na leƙa ta taga ta kan katanga, na hango uwarku tana shimfiɗa tabarma a ƙofar Inna. Kwana shida ba kira, amma ba ta fasa sa a fitar mata da tabarmar ba. Na sunkuya na zare wayar kyamarar ƙaramin sito, na soka ta 'yar tsohuwar rauta a gurbinta, na ba ta adireshi na biyar. Aikin bai kai minti goma ba.

Na yi salla na shigo gida na tsaya bayan rumbu kamar ɓarawo. Binta ta zauna da faifanta, ta ɗora waya a kan turmi. Ƙara ɗaya, biyu, sai muryar Yaya:

“Amarya, kwana da yawa. Ina gajiya?”

Amarya suke ce mata shi da Inna, har ta haife ku ku uku ba su daina ba. Ta gaishe shi, ta ce yau an yi rana, ya ce su can ruwa ake yi tun safe. Ta ce akuyar Inna ta haihu jiya, ya tambaya nawa, ta ce biyu, ya ce ja ko baƙi. Kaset ba ya tambayar launin ɗan akuya. Ina kallon bayan Inna, na ga kafaɗunta sun sauko a hankali. Wata kaza ta zo tana tsattsagar waken da ke gabanta, sai ta kore ta da hannu ta ce da ƙarfi yadda turmi zai ji:

“Ke tafi can! Kin bar mutane kwana shida ba barci, yanzu kin zo kina wani kwakwazo. A riƙa rufe ƙafa dai in ana ruwa.”

Can a Kumasi na ji Yaya ya yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka, ya ce, “Amarya, ki ce wa kazar nan an ji.” Da aka gama, Inna ta ce, “Amarya, wannan tuwon na rana, kin zubar ne ko kin ba almubazzarin mijinki?” Ta cinye shi tas, ta nemi ƙari. Ni kuma ina bayan rumbu ina share fuska da hular da ta jawo komai.

Washegari kamfani ya aiko cewa kyamarar ƙaramin sito ta ɓace. Shugaban ƙungiya ya zo da mutane, ya ce Malam me ya faru, na ce ta daina. Ya ce a gyara mana, na ce ba za ta gyaru ba. In na faɗi dalili, kafin magariba garin nan kaf ya san Inna na zama jiran muryar ɗanta na fari, kuma ranar da ta san an sani, ba za ta ƙara bari a shimfiɗa tabarmar nan ba. Sai na bar maganar a cikina. Nan aka fara cewa na ƙona ta, aka ce dama karatun rabi ne. A majalisa har wani ya ce in koma gyaran rediyo. Ni da ake tsoron bakina, na haɗiye. Wannan ya fi mini asarar siton ciwo, ba zan yi muku ƙarya ba. Gyaɗata na kwashe na kai Dawanau a motar haya, shekara da shekaru ina yi. Siton ya zauna ba kowa, har uwarku ta ce tunda daɓen na da kyau bari ta sa awakinta. Na kuma gano daga baya, da na zagaya gidan da waya a hannu, cewa layin ya fi kamawa a ɗakin uwarku nesa ba kusa ba. A ƙofar Inna da ƙyar yake kai sanda biyu a fuskar waya.

Kwana talatin da wani abu suka samu bayan nan. Kullum la'asar, kullum kaza ko akuya na shan saƙo. Muryar Yaya tana ta raguwa, har ya zama Binta ce ke yawancin maganar. Ranar wata Alhamis ina bayan rumbu, wurin da ya zame mini wurin zama, sai na ji ya yi shiru mai tsawo. Binta ta ce, “Yaya, kana ji na?” Ya ja numfashi. Bai ce Amarya ba. Ya ce:

“Inna.”

Hannun Binta ya tsaya a cikin faifai. Ba kaza a kusa, ba akuya, ba wanda za a fake da shi. Na ga Inna ta ajiye ƙwaryar wake. Ta dafa ƙasa, ta juyo da jikinta gaba ɗaya da ƙyar, ta fuskanci turmin nan.

“Na'am,” ta ce. “Ina jin ka. Allah ya yi maka albarka. Na yafe maka, duniya da lahira.”

Ranar Asabar ya rasu. Takardar masu layi ta ƙarin adireshi ta iso bayan an yi sadakar bakwai da kwana huɗu, tana nan cikin akwatina, ban taɓa amfani da ita ba.

Inna ta yi shekara biyu bayansa. Ba ta taɓa yi mini zancen ba, ni ma ban yi mata ba. Sau ɗaya dai, awaki sun dame ta da kuka, ta dube ni ta ce, “Auta, an ce ba ka iya aikinka ba.” Na ce haka ake faɗa, Inna. Ta ce, “Bar su,” ta tura mini kwanon ƙanzo.

To kun ji. Aminu, wanda ka yi dambe da shi yana nan da ransa, kada ka je ka tayar da tsohon zance, na san ka. Ɗakin awaki kuma in na mutu kada ku rushe shi, ku bar wa uwarku, ita ta saye shi tun ranar da ta zaro takarda daga hulata. Allah ya jiƙan Inna da Yaya Sale, ya haɗa su a inda za ta kira shi da sunansa.